Mai Kwana a Kan Layi

Kowa na zaton iska kyauta ce har sai ranar da ya sayi oba-oba, rediyon hannun nan da ake magana da juna ta cikinsa. A ranar ne zai ji cewa akwai hukuma sukutum, da bene da masinja da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ba ta da aiki sai yanka iska gunduwa-gunduwa tana raba wa jama'a. Jiragen sama da tasu gunduwar, 'yan kwana-kwana da tasu, gidajen rediyo sun kwashe tsoka, kamfanonin waya sun haɗa har da ƙashi. Lokacin da mutanen titin bayan tashar jirgin ƙasa suka je neman nasu rabon, abin da ya rage a faranti wani ɗan siririn layi ne guda ɗaya tal. Aka ce su haɗu su yi maneji.

Masu manejin su ne kamfanin tasi, da gidan burodi mai motocin rabo, da masu gadin wani katafaren sito, sai maginan wani dogon bene da aka daɗe ana ginawa har unguwa ta daina tambayar ranar gamawa. Dukkansu a kan layi ɗaya suke magana. Ita kuwa oba-oba tana da hali: in mutum ya danna maɓallin gefenta, layi ya zama nasa shi kaɗai, sauran sai dai su saurara har ya saki. Kuma muddin yana danne, shi ba ya jin kowa. Wannan hali ne ya sa na'urar ta dace da wasu mutane ƙwarai da gaske.

Da rigima ta yi yawa aka kafa ƙungiya, aka naɗa mai kamfanin tasi shugaba, saboda ofishinsa ne kaɗai ke da kujerun da za su ishi taro. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, kowa Shugaba yake ce masa. Muƙamin ya karɓe shi. Ba a taro sai da ɗan abin taɓawa, shi kuma mutum ne mai son taro, don haka a hankali bel ɗinsa ya yi ta ƙaura daga huda zuwa huda har ya isa ta ƙarshe. A jikin bel ɗin nan, ta gefen dama, yake maƙale oba-obarsa, wata tsohuwa mai nauyin bulo da doguwar eriya. Sababbin da ake yi yanzu, in an daɗe ana danne da su, da kansu suke katsewa. Tasa ba ta san wannan ragwanci ba, kuma yana alfahari da hakan. Ba ya cire ta sai zai shiga wanka.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne safiya. Daidai lokacin da fasinjoji ke tsaye bakin titi suna neman mota, lokacin ne direbobin gidan burodi ke cika layi da mahawara a kan wane kanti ne ya ce a ƙara masa mai yanka-yanka. Shi kuwa kamfanin tasi da layin nan yake numfashi. Dannawa ɗaya, duk direbobi sun ji inda fasinja yake. A raba shi da layi, motocinsa sun zama gwangwanaye masu yawo.

Ana cikin wani taro a ƙarƙashin fankar ofis mai lanƙwasasshen hannu, Mai Burodi ya ɗaga yatsa. Mutum ne siriri, kullum da fulawa a girarsa, ba ya ɗaga murya.

"Shugaba, wani yana kwana a kan layi."

"Kamar yaya?"

"Da an ci abincin rana sai layi ya toshe, ba shiga ba fita. Direbobina su yi ta zagaye da burodi yana hucewa."

"Me ake ji in ya toshe?"

Kowa ya kau da kai. Kofur, tsohon soja mai kula da masu gadi, ya gano wani abu mai ban sha'awa a jikin silin. Na-Sama, wanda ke wuni a ƙoƙoluwar injin ɗaga kaya na benen da ba ya ƙarewa, ya sosa ƙeya.

"Wani irin gurnani ne, yallaɓai," in ji shi. "Kamar janareta mai mura. Wani lokaci kuma da 'yar magana-magana."

Birki, ƙanin matar Shugaba kuma direba a kamfanin, ya miƙe zumbur ya ce bari ya duba taya, ya fice kafaɗunsa na rawa.

"Ni dai ban taɓa ji ba," in ji Shugaba, ya ɗan bubbuga oba-obarsa kamar mai lallashin doki. "Kun ga amfanin tsohon kaya ke nan."

"Ai kai ba za ka ji ba," in ji Mai Burodi.

Shugaba ya karɓi maganar a matsayin yabo. Amma kansa ya riga ya fara aiki. Gurnani bayan cin abinci? Wane inji ne a titin nan ke gurnani in ba injin kwaɓa fulawa ba? Ashe mutumin nan ya zo kai ƙara ne don ya riga kowa, a kawar da ido daga kansa. In kuwa aka kama shi, aka sallame shi daga layi, safiya ta zama ta tasi ita kaɗai. Shugaba ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga huda ta ƙarshe.

Ya gyara murya. "Wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Cin amanar iska ne. Ina ba da shawarar doka: duk wanda aka kama yana toshe layi, a cire shi, shi da mutanensa, har abada. Ba roƙo, ba sanayya. Ko ƙanin ubana ne."

"Yallaɓai, da an ɗan sassauta," in ji Kofur, idonsa har yanzu a silin. "Ɗan Adam ajizi ne."

"Gargaɗi ma ya isa," in ji Na-Sama. "Wataƙila mai yin bai san yana yi ba."

"Bai sani ba? Mutum ya danne layi rana guda bai sani ba? Sai dai in jaki ne."

Kofur ya yi tari mai tsawo. Da aka zo kaɗa ƙuri'a, hannun Mai Burodi ne ya fara tashi, har yana miƙa shi sama sosai kamar ɗan makaranta. Shugaba ya dube shi ya ce a ransa, ka ga ƙarfin halin mara gaskiya.

Gidan Shugaba a hawa na sama yake, a wani bene mai matattakala mai tsayi, inda ake hango rufin duk titin. A falonsa akwai wata doguwar kujera mai hannun katako, wadda ta san siffarsa fiye da telansa. Al'adarsa ce in ya ci abincin rana ya miƙe a kanta ta gefen dama, don hagu na fuskantar taga, ya ɗan runtsa. Shi ba ya kiran abin barci. Nazari yake ce masa.

Washegarin dokar ya yi sadaukarwa irin ta manya: ya fasa nazari. Ya zauna ɗoɗar a kujerar cin abinci, ya ɗora oba-oba a kan tebur, ya kasa kunne. Layi fes. Wani direba na neman kwatance, wani mai gadi na tambayar wa ya ɗauke masa buta, Na-Sama na gaya wa na ƙasa su matsa kada bulo ya gaishe su. Ba gurnani ko na sauro. Kashegari ma haka. Ranar da ta biyo ma haka.

"Ya ji tsoro," ya gaya wa Uwargida. "Da na kasa kunne sai ya shige rami."

Uwargida ba ta yi murna yadda ya zata ba. Tana tsaye a ƙofar kicin, tana kallon tukunyar gas.

"Maigida, ka kwanta mana. Dubi idonka, kamar gauta. Aikin ƙungiya ba zai kashe min kai ba."

"Ba na kwanciya sai na kama shi."

"Gas ya ƙare fa."

"To a sayo."

"Wa zai sayo?"

Tambayar ta ba shi mamaki, don ya daɗe bai ji irinta ba. Wani lokaci mai tsawo ke nan kayan gidan nan da kansu suke zuwa. Gas ya ƙare, sai ga direba a ƙofa da tukunya a kafaɗa. Ana neman mai gyaran famfo, sai ga wani ya ɗauko shi. Shugaba ya daɗe da fassara wannan: ƙaunar da ma'aikata ke yi wa shugaba adali. Yanzu ga shi ya duƙufa yi musu aiki, ƙaunar ta ja baya. Ɗan Adam ke nan.

Rannan dai jiki ya ci amanarsa. Ya ce bari ya ɗan jingina a doguwar kujera, oba-oba a ƙugu, kunne a buɗe. Bai farka ba sai da rana ta yi sanyi. Da ya sauko ofis, labarin da ya tarar shi ne ɓarawon layi ya dawo, har ya fi da ƙarfi. A kicin kuma ga sabuwar tukunyar gas.

Nan take Shugaba ya gano bakin zaren: akwai munafuki a kusa da shi, mai sanar da Mai Burodi duk lokacin da ya runtsa. Ya sa aka kira Birki.

"Kai, tsakaninka da Allah, nawa yake ba ka? Ko da burodi yake biyanka?"

"Wa, Yaya?"

"Ka fi ni sani. Ina rufe ido, ana toshe layi. Wa ke kai rahoto?"

Birki ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, ya dubi bel ɗin mijin yayarsa. Ya danne dariyar da ta taso masa.

"Yaya, wai in za ka kwanta, me zai hana ka cire oba-oban nan ka ajiye a tebur? Don lafiyar ƙugunka nake faɗa."

"Ka taɓa ganin soja ya ajiye bindiga ana tsakiyar yaƙi? Wato so kuke ku raba ni da ita, ku ji daɗin ɓarna. Na gane ku."

"Shi ke nan, Yaya. Allah ya tona asirin mai yi."

"Amin!"

"Yaya, da ka rage ƙarfin amin ɗin."

Shugaba ya ga abin ya fi ƙarfin cikin gida. Ya saka babbar kwat ɗinsa, ya je hukumar da ke yanka iska, ya zauna a benci har aka gaji da ganinsa, aka haɗa shi da Injiniya. Mace ce mai takalmi shafaffe da magana kaɗan. Kayan aikinta akwati ne mai allura a fuska da 'yar lasifika, da wata eriya mai kama da ƙayar kifi, wadda in ta nuna inda ake watsa magana sai allurar ta tashi.

"In na gano shi, me kuke so a yi masa?" ta tambaya.

"Muna da doka, ranki ya daɗe. Ni na tsara ta da kaina. Korar kare."

"To. Hukuma abin da ƙungiya ta yanke take bi."

Ya ja ta kai tsaye zuwa gidan burodi, yana gaba tana baya, kamar shi ne eriyar. Zafi ya buge su tun daga ƙofa. Ya nuna injin kwaɓa fulawa da yatsa. Aka kunna, allura na kwance. Aka kashe, allura na kwance. Aka sake kunnawa bisa buƙatar Shugaba, ya ce a ƙara masa wuta. Allura ko gezau. Mai Burodi ya naɗe burodi mai zafi a takarda ya miƙa wa Injiniya, Shugaba ya lura da wannan a ransa a matsayin cin hanci a bainar jama'a. Suka zagaya sito, masu gadi suka ƙame suna sara mata. Suka tsaya ƙarƙashin injin ɗaga kaya, Na-Sama ya leƙo daga sama ya ɗaga musu hannu. Duk tsawon yinin layi ya kasance mai ladabi kamar an yi masa baƙi.

"Wa ya san zan zo yau?" in ji Injiniya.

"Kowa. Na sanar a layi tun da safe, don su shiga taitayinsu."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Ta dubi tsohuwar oba-obar da ke ƙugunsa, ta ɗaga kai ta dubi benen da ya nuna mata a matsayin gidansa.

"Zan dawo ba sanarwa," ta ce. "Kai ma ba zan gaya maka ba. Ka je ka huta, yallaɓai. Ka yi duk abin da ka saba."

Shugaba mutum ne mai biyayya ga hukuma. Tunda umarni ne, washegari ya ci abincin rana har da ƙari, Uwargida na zuba masa da fara'ar da ya kwana biyu bai gani ba. Ta gyara masa matashi. Ta ja labule. Ya miƙe ta gefen dama, katakon kujera ya karɓi ƙugunsa kamar tsohon aboki.

Kwanaki ya yi yana bin wannan umarni, har ranar da ya yi wani mafarki mai daɗi. Ga Mai Burodi ɗauke da tanda a ka yana barin titin, ga tasi jere suna yi masa ham. Can cikin mafarkin yana jiyo muryar Uwargida sama-sama, a tsanake, irin muryar mai karanta labarai.

"Wanda ke kusa da masu kayan miya ya taho da albasa. Ta jiya rabinta ruɓaɓɓiya ce, kuma na san wanda ya sayo, ba sai na kama suna ba. Batun firij ɗin ƙanwata kuwa, mijin ya sake cewa..."

Muryar ta yanke. Shirun ne ya tashe shi.

Ya buɗe ido ɗaya. Abin da ya fara gani ƙayar kifi ce, tsininta na nuna cibiyarsa. A bayanta Injiniya, tana haki kaɗan saboda matattakala. A bayanta Mai Burodi, da Kofur, da Na-Sama wanda ba a taɓa ganin ƙafarsa a ƙasa ba a lokacin aiki. Rabin fuskar Birki na leƙowa ta bayan ƙofa. Uwargida na tsaye kusa da kan kujera, da ludayi a hannu.

"Kun kama shi?" in ji Shugaba.

Tambayar ta fito daga bakinsa, ta kuma fito daga akwatin Injiniya, da ƙugun Kofur, da aljihun Mai Burodi, da ƙirjin Na-Sama, duk a lokaci ɗaya, sannan na'urorin suka haɗu suka yi wata ƙara mai tsinka kunne.

"Mun kama shi," in ji Injiniya. "Ɗan juya hagu, yallaɓai."

Ya juya. Wani abu ya yi ƙas a ƙugunsa. Allura ta faɗi. Nan da nan layi ya cika da muryoyin direbobi, wani na tambaya, "To me mijin ya ce?"

"Koma dama."

Ya koma. Ƙas. Allura ta miƙe tsaye.

"Hagu."

Sai da ta juya shi ya fi a ƙirga, kamar mai gasa nama, don aikin hukuma ba ya son shakka. Tumbi ya danna oba-oba, oba-oba ta danna katako, katako ya danna maɓalli. Daga hawa na sama, da doguwar eriya, ba wanda ya isa ya yi gasa da shi a duk faɗin titin.

Shugaba ya tashi zaune. Ya nemi hularsa, ya tuna ba da hula ya kwanta ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun da bel ya koma hudar ƙarshe, yallaɓai," in ji Kofur cikin ladabi.

"Kuma ba wanda ya gaya min?"

"Wa zai gaya wa Shugaba yana minshari?"

Ya juya ga Uwargida. "Ke kuma?"

"Ni me na yi? Ni na danna? Kai ka danna, ni magana kawai nake yi a falona. Ranar farko cewa na yi, wayyo gas ya ƙare, ni kaɗai da bakina. Kafin in wanke hannu sai ga direbobi a ƙofa suna rigimar wa ya riga kawowa. To ni mahaukaciya ce da zan bar wannan ni'ima?"

"Yaya, na ce ka ajiye a tebur," in ji Birki daga bayan ƙofa.

"Rufe min baki!"

Injiniya ta naɗe wayar eriyarta. "An ce kuna da doka."

Nan Shugaba ya tuna dokar da ya tsara da kansa. Ya hango motocinsa suna yawo a gari kamar awakin da ba mai su, fasinja na nan direba na can. Ya hango Birki ya dawo gidan nan da zama, yana cin abinci sau uku. Ya gyara zama.

"Ita doka," ya fara, "ai mutum ne ya yi ta. Kuma in aka duba ruhinta..."

"Ba roƙo, ba sanayya," in ji Mai Burodi a hankali, yana kakkaɓe fulawa daga hannun riga. "Ko ƙanin ubana ne. Har da maganar jaki, amma wannan ba ta shiga doka ba."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo.

Na-Sama ya matso gaba. Ya cire hular kwanonsa ya riƙe a ƙirji.

"Ni dai a ji tausayina. Ku kuna ƙasa, kuna da abokan hira. Ni daga ni sai shaho. Shirin nan na bayan abinci shi ne kaɗai abin da nake jira a rana. In aka kori Shugaba, wa zai gaya min ƙarshen maganar firij? An mayar wa ƙanwar Anti ko ba a mayar ba?"

"Ba a mayar ba," in ji Uwargida. "Ai sai ka ji abin da uwar mijin ta ce."

"Kin gani!"

"Mu ma yana mana amfani," in ji Kofur. "Lokacin ne barci ke ɗaukar masu gadi. Amma da yallaɓai ya ja minsharin farko, ba mai iya runtsawa. Tun da aka fara, ko ƙusa ba a sace a sito ba."

Injiniya ta duba agogonta, alamar tana da sauran iska da za ta je ta raba. "Ku ji nan. Hukuma ba ruwanta da abin da kuke watsawa, in dai ba zagi ba ne. In mutum ya hau layi ba lokacinsa ba, katsalandan ne. In ƙungiya ta ba shi lokacin, ya zama shiri. Ku zaɓa, ina da wajen zuwa."

Duk ido ya koma kan Mai Burodi. Ya ɗauki lokaci yana kallon silin, wanda ya aro daga Kofur.

"Safiya tawa ce," ya ce. "Motocina su gama magana tukuna, sannan tasi."

Shugaba ya buɗe baki. Ya dubi ƙayar kifi. Ya rufe.

"Na biyu. A daina maganar burodina a iska."

"Wace magana?" in ji Shugaba.

"Tambayi Madam. Watanni ina haƙuri da gurnani, ban ce uffan ba. Rannan ina zaune, direbobina na ji, masu gadi na ji, na sama na ji, aka sanar wa duniya wai burodina ya rame, wai yanzu sai an saka tabarau ake ganinsa a faranti. Shi ya kawo ni taro."

"To ƙarya na yi?" in ji Uwargida. "Ka ƙara masa auki mana."

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku?"

"Shi ke nan, na yi shiru. Shirun nawa ma jama'a za su gane."

Haka aka yanke, a tsaye, a falon mai laifi. Safiya ta koma hannun gidan burodi. Bayan cin abincin rana ya zama lokacin kamfanin tasi a hukumance, da sharaɗin kada a fasa shiri ba sanarwa. Shugabanci kuwa aka bar masa, don har yanzu ofishinsa ne kaɗai ke da kujeru. Shi da kansa ya kira ƙuri'a, shi ya ƙirga hannuwa, ya kuma gode wa mambobi bisa dattakon da suka nuna wajen magance wannan matsala da ta daɗe tana damun kowa.

Kamfani ya tsira. Da safe fasinjoji na tsaye bakin titi, direbobin tasi na jiran a gama mahawarar mai yanka-yanka, Shugaba na zaune a ofis yana cizon leɓe, oba-oba a hannu, babu damar dannawa.

Da rana kuwa, yana gama cin abinci Uwargida za ta gyara matashi, ta ja labule, ta ce, "Maigida, lokaci ya yi, jama'a na jira." Ya miƙe ta gefen dama. Ƙas. Sai dai tun daga ranar da ya san titi guda na kasa kunne, barci ya ƙaurace masa. Ya rufe ido, ya ga Kofur. Ya juya tunani, ya ga Na-Sama a sama da shaho, sun nutsu. Dole ya koma yin minsharin da gangan, ido biyu, yana ja yana saki, yana kallon silin, Uwargida na karanto albasa da firij a kansa.

A taron da ya biyo baya, da aka zo sauraron ƙorafi, Na-Sama ya ɗaga yatsa.

"Yallaɓai, ba don raini ba. Ɓangaren Anti lafiya lau, har ya fi da. Amma naka ya lalace. Ana jin ƙoƙari a ciki. Na da, wallahi, daga zuciya yake fitowa."

"Masu gadi ma sun fara gyangyaɗi," in ji Kofur.

Shugaba ya gyara zama, bel ya yi ƙara. Ya ce ƙungiya ta ji, kuma za a duba.